Yadda ake kiyaye jerin faramita a wutsiyar URL kada manhajarka ta hargitsa su

Ana saura 'yan kwanaki sallah wani Alhaji mai shagon yadi da shadda a Kasuwar Barci ya kira ni wajen ƙarfe tara na dare, ni na gina masa shafin da yake sayar da kaya ta intanet. Ko gaisawa bamu gama ba yace, "Injiniya, mutane suna biya, alat yana shigo min, amma shafinka yana cewa basu biya ba." Nace ranka ya daɗe bani awa ɗaya. Awa ɗayan nan sai da ta kai ni kusan asuba, wuta ta ɗauke a Tudun Wada tun magariba, ina zaune da laftof da hasken waya ina karanta log, wato rajistar duk abin da ya shigo shafin, kamar mai neman allura a cikin rairayi.

Abin da ya faru ƙarami ne har da ban haushi. Kamfanin da ke karɓar kuɗin, idan kwastoma ya gama biya, yana dawo da shi shafinmu da adireshi mai irin wannan wutsiyar:

`?amount=25000&ref=KD1042&status=success&sig=...`

Kowane guntu mai suna da daraja anan, kamar `amount=25000`, shi ake kira faramita. Wannan `sig` ɗin hatimi ne, sun ɗauki duk rubutun da ke gabansa yadda suka jera shi, sun haɗa da makullin sirri sun fitar da lamba. Ni kuma aikina in sake lissafin in ga ko ya zo daidai. Lokacin gwaji komai lafiya lau, saboda amount, ref, status dama a jere suke bisa haruffan abacada, ko an sake jera su ba abin da zai motsa. Amma wanda ya biya ta USSD sai a ƙara masa `channel=ussd` a bayan status. Ni kuma da Laravel na gina shafin, wani firemwok na yaren PHP, wato shiryayyen kod da ake ɗora manhaja a kai, sai na yi amfani da `$request->fullUrl()` na Laravel, wanda yake jera faramita bisa haruffa kafin ya miƙo maka, sai channel ya tsallako ya zauna tsakanin amount da ref. Rubutu ya canja, hatimi ya ƙi dacewa, shafi yace ba a biya ba. Laifina ne ɗungurungum, a rubuce abin yake a kod ɗin Symfony da Laravel ke zaune a kai, ni ne ban karanta ba.

Toh tun daga ranar nake bin wasu matakai, su zan jero maka anan.

Da farko ka san wacce matsala ce taka

URL shi ne adireshin shafi, wutsiyarsa kuma ita ce duk abin da ya biyo bayan alamar tambaya har zuwa alamar # in akwai. Dokar da ta tsara adireshin intanet, RFC 3986 ta shekarar 2005, bata ma ce dole wutsiya ta zama suna=daraja ba, balle tace ga yadda za a jera. Wannan salon na `a=1&b=2` daga fom ɗin HTML ya samo asali. Shi yasa kowane yare da kowane firemwok yake yin yadda yaga dama, wani ya riƙe jeri, wani ya sake jerawa, wani ma ya zubar da wanda aka maimaita bai faɗa maka ba.

Yawancin shafuka ba ruwansu da jeri, `?launi=ja&girma=5` da `?girma=5&launi=ja` duk abu ɗaya zasu nuna, in naka haka yake ka huta abinka. Inda abin yake cizo waje uku ne. Akwai hatimi irin wanda ya hana ni barci. Akwai inda jerin kansa yake ɗauke da ma'ana, misali `?tsara=farashi&tsara=suna`, wato a fara jera kaya da farashi sannan da suna, in ka juya su sakamakon ya canja. Sai kuma kesh, wannan ajiyar wucin gadi da ke sa shafi ya buɗe da sauri, wanda yake kallon adireshi biyu masu jeri daban a matsayin shafi biyu daban. Maganinsu ba iri ɗaya bane, na farko yana so kada ka taɓa komai, na uku kuma so yake ka jera da gangan, don haka ka tsaya ka tantance kafin ka fara rubuta kod.

Mataki na biyu: ka duba abin da ya iso saba (kwamfutar da shafin yake zaune a kai) da idonka

Kada ka yarda da abin da firemwok ya nuna maka, shi ya riga ya tauna. Ka nemi ɗanyar wutsiya, wato rubutun yadda ya shigo ba a taɓa shi ba. Kowane yare yana da ƙofar:

PHP: `$_SERVER['QUERY_STRING']`, a Laravel kuma `$request->server('QUERY_STRING')`
Django: `request.META['QUERY_STRING']`
Flask: `request.query_string`, amma a bytes yake zuwa sai ka mayar da shi rubutu
Express: `req.originalUrl`, ka yanke daga alamar tambaya
Go: `r.URL.RawQuery`
Java: `request.getQueryString()`

Ka rubuta wannan a log, a ƙarƙashinsa ka rubuta abin da kod ɗinka ya sake ginawa, ka ɗora su layi kan layi. Wallahi da na yi haka tun ƙarfe tara da sha ɗaya bata yi min a zaune ba. Sai dai ka kula, in akwai wani abu na sirri a wutsiyar kamar tokin, ka goge log ɗin da zarar ka gama.

In ka ga tun a ɗanyar ma jerin ya riga ya lalace, toh matsalar ba a kod ɗinka take ba, wani ne a hanya ya taɓa, zan zo kan wannan a ƙasa.

Mataki na uku: in hatimi ne, kada ka warware ka sake ɗinkawa

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami, har da waɗanda suka fi ni daɗewa a harkar. Mutum zai ɗauki faramita daga `$_GET`, ya cire sig, ya sake haɗa sauran da `http_build_query`, yace ai jerin bai canja ba. Eh mai yiwuwa jerin bai canja ba, amma rubutun fa? Hatimi irin HMAC, wato wanda ake lissafawa da rubutu da makullin sirri, ba ya duba ma'ana, harafi-harafi yake bi, ko ɗigo ɗaya ya bambanta lambar da zata fito daban ce gaba ɗaya.

Kaga dai misali. Tazara tsakanin kalmomi, wani yana rubuta ta `+`, wani `%20`. `http_build_query` na PHP `+` yake sawa sai in ka bashi `PHP_QUERY_RFC3986`. A JavaScript ma gida ɗaya amma baki biyu, `URLSearchParams` yana sa `+`, `encodeURIComponent` yana sa `%20`. Alamar `~` kuma `encodeURIComponent` yana barinta yadda take, `URLSearchParams` ya mayar da ita `%7E`. Mu Hausawa kuma muna da namu ƙarin, sunan kwastoma ko unguwa mai ƙ ko ɗ ko ɓ: ƙ tana zama `%C6%99`, ɗ tana zama `%C9%97`, ɓ kuma `%C9%93`. In mai aikowa ya rubuta `%c6%99` da ƙananan baƙi kai kuma ka sake ginawa da manya, ma'ana ɗaya ce amma hatimi ya tashi aiki. Haka wannan 'yar alamar da ke gaban 'yan ko 'ya'ya, `encodeURIComponent` ba ya taɓa ta, `URLSearchParams` yana mayar da ita `%27`. Sannan PHP yana da wata tsohuwar ɗabi'a, in sunan faramita yana da ɗigo ko tazara sai ya mayar da shi `_` a cikin `$_GET`, wato `user.name` ya koma `user_name`, kai baka sani ba.

Saboda haka ka yi aiki da ɗanyar kai tsaye. Ka yanka ta a kan `&`, ka cire guntun hatimin kaɗai, ka mayar da sauran yadda suke:

```php
$danye = $_SERVER['QUERY_STRING'] ?? '';
$guntaye = array_filter(
    explode('&', $danye),
    fn($g) => !str_starts_with($g, 'sig=')
);
$sako = implode('&', $guntaye);
$nawa = hash_hmac('sha256', $sako, $sirri);
$nasu = $_GET['sig'] ?? '';
if (!is_string($nasu) || !hash_equals($nawa, $nasu)) {
    http_response_code(400);
    exit;
}
```

`str_starts_with` sai PHP 8 zuwa sama, in hostin ɗinka har yanzu yana kan 7 ka yi amfani da `strpos`. Kuma `hash_equals` ake kwatanta hatimi da shi ba `==` ba, a Python `hmac.compare_digest`, a Node `crypto.timingSafeEqual`.

Amma fa tsaya, ba kowane kamfani ne yake sa hatimi a kan jerin da ya aiko ba. Wasu dokarsu ita ce a jera bisa haruffa tukuna. AWS a tsarinsu na Signature Version 4 haka suke, sai ka jera sunaye, ka rubuta tazara da `%20`, sannan a lissafa. OAuth 1.0 ma, wanda ke cikin RFC 5849 ta 2010, jerawa ake yi kafin hatimi. A irin wannan in kace zaka riƙe jerin asali kai ne zaka sha ƙasa. Don haka ka buɗe takardar bayanin kamfanin da kake aiki da su, ka nemi inda suka faɗi ainihin rubutun da ake sa wa hatimi, ka bi shi sau da ƙafa. In basu rubuta ba ka tura musu saƙo ka tambaya, ya fi maka zato.

Wani abu a gefe tunda maganar kuɗi ce: ko hatimin ya dace, ni yanzu bana sakin kaya sai sabata ta tuntuɓi sabar kamfanin da lambar ref ta tabbatar an biya kuma adadin ya cika. Kuma wannan darasi na ɗanye bai tsaya a wutsiya ba, Paystack misali hatimin webhook ɗinsu, wato saƙon da sabarsu ke turo wa taka in an biya, HMAC SHA512 ne a kan jikin saƙon, wanda ya fi aminci shi ne ka lissafa a kan ɗanyen jikin yadda ya shigo.

Mataki na huɗu: in dole ka taɓa faramita, riƙe su a jeri ba a ƙamus ba

Wani lokaci ba hatimi kake dubawa ba, so kake ka ƙara faramita ɗaya ko ka canja lambar shafi ka bar sauran inda suke. Toh anan dole ka warware, abin da zaka kiyaye shi ne mazubin da zaka zuba su. Wutsiya jeri ce ta biyu-biyu, suna da daraja, kuma suna ɗaya zai iya zuwa sau uku. Ƙamus kuwa, ko map, ko objek, kowane suna gurbi ɗaya gare shi. Da zarar ka juye jeri a ƙamus ka yi asarar wani abu ko baka gani ba.

Bari in fara da JavaScript tunda shi ne a burauza. `URLSearchParams` mutumin kirki ne, jeri ne a cikinsa kuma yana riƙe tsari har da maimaici:

```js
const p = new URLSearchParams(location.search);
p.set('shafi', '2');
history.replaceState(null, '', '?' + p.toString());
```

`set` in ya tarar da sunan yana canja darajarsa a inda yake zaune, ya goge sauran masu irin sunan, in bai tarar ba ya sa shi a ƙarshe. `append` kullum ƙarshe yake kaiwa kuma ba ya goge kowa. In kayi `delete` sannan `append` toh ka ɗauke faramitar daga gurbinta ka kai ta baya, wasu suna yin haka basu lura ba. `getAll('tsara')` zai baka duk darajojin a jerinsu, `get` kuma na farko kaɗai.

Inda ake ɓata shi shi ne wannan layin da kowa yake so saboda gajarta, `Object.fromEntries(p)`. Na ɗaya, maimaici ya tafi, na ƙarshe ne kawai zai tsira. Na biyu kuma wanda ya fi ɓoyewa, objek a JavaScript yana ɗauko sunayen da suke zallar lamba ya kawo su gaba daga ƙarami zuwa babba. Gwada `?launi=ja&10=a&2=b` ka gani, zai fito maka 2, sannan 10, sannan launi. In fom ɗinka yana amfani da lambar kaya a matsayin suna, kamar kwandon sayayya, kaga an hargitsa maka ba tare da wani kuskure ya fito a allo ba. In kana son wani abu a hannu ka yi `[...p]`, zai baka jeri na biyu-biyu. `Map` ma yana riƙe tsarin shigowa har da lambobi, amma shi ma suna ɗaya gurbi ɗaya ne.

A Express `req.query` objek ne, don haka matsalar sunaye masu lamba ta hau kansa, maimaici kuma tattara shi ake yi waje guda. Kuma ka sani Express 4 da 5 ba mai fassara ɗaya suke zuwa da shi ba, na 4 yana amfani da qs wanda yake gane `a[b]=1`, na 5 kuma mai sauƙin ne sai in ka canja da kanka. Ni dai in jeri ya dame ni sai in tsallake shi:

```js
const i = req.originalUrl.indexOf('?');
const p = new URLSearchParams(i < 0 ? '' : req.originalUrl.slice(i));
```

Python kuma akwai 'yan tagwaye biyu masu kama da juna, `parse_qs` da `parse_qsl`, harafi ɗaya ya raba su. Na farko ƙamus yake bayarwa, na biyu jeri. Gaskiya ne tun Python 3.7 ƙamus yana riƙe tsarin shigowa, shi yasa wasu suke cewa ai ba matsala, amma `a=1&b=2&a=3` in ya shiga ƙamus ya fito zai dawo `a=1&a=3&b=2`, an tattara 'yan gida ɗaya waje ɗaya. `QueryDict` na Django ma haka yake yi in ka kira `urlencode()` ɗinsa. Ga yadda nake yi:

```python
from urllib.parse import parse_qsl, urlencode, quote

jeri = parse_qsl(danye, keep_blank_values=True)
jeri = [(s, '2' if s == 'shafi' else d) for s, d in jeri]
sabo = urlencode(jeri, quote_via=quote)
```

Wannan `keep_blank_values=True` kada ka manta da shi dan Allah, in babu shi duk faramitar da ta zo fanko kamar `bayani=` zubar da ita ake yi shiru. `quote_via=quote` kuma shi ke sa tazara ta fito `%20` maimakon `+`.

Wani bambanci da yake rikita masu tsallakawa daga wannan firemwok zuwa wancan: in suna ya zo sau biyu, `request.GET['a']` na Django na ƙarshe yake baka, `request.args.get('a')` na Flask na farko, PHP kuma na ƙarshe sai in sunan ya ƙare da `[]`. Dukkansu biyun na Python suna da `getlist`, shi zaka kira.

Go ba ya ɓoye-ɓoye, `url.Values` map ne, kuma `Encode()` a rubuce yake cewa yana jerawa bisa suna. In kana son naka jerin sai ka gina da hannu, ka bi jerinka ɗaya bayan ɗaya kana kiran `url.QueryEscape` a kan suna da daraja kana haɗawa da `&`, layi goma bai kai ba. Java kuma `HashMap` ba ta da alƙawarin jeri ko kaɗan, `LinkedHashMap` ce mai riƙe tsarin shigowa, `TreeMap` kuma jerawa take bisa haruffa. Masu Spring suna da `LinkedMultiValueMap`, tana riƙe tsarin sunaye amma ita ma tana tattara maimaici waje guda.

Mataki na biyar: bi hanyar da adireshin yake bi

Tsakanin wayar kwastoma da kod ɗinka akwai masu tsaron ƙofa da yawa, kowanne zai iya sa hannu. Yawancinmu nan Kaduna ƙananan ayyuka a hostin na haɗaka muke ɗora su, mai cPanel da Apache, toh buɗe `.htaccess` ɗinka. In dokar `RewriteRule` tana ƙara tata wutsiyar, kamar `index.php?hanya=$1`, kuma babu tutar `QSA`, wutsiyar asali gaba ɗaya zata ɓace. In akwai `QSA` zata tsira amma yanzu `QUERY_STRING` ɗinka yana ɗauke da `hanya=...` wanda mai hatimi bai san da shi ba. A irin wannan ka ɗauko daga `$_SERVER['REQUEST_URI']` ka yanke bayan alamar tambaya da kanka.

Nginx ma kusan haka, in `rewrite` ya kawo sababbin faramita yana sa su a gaba ya jona tsofaffin a baya. `$request_uri` shi ne adireshin asali cikakke yadda ya shigo, shi yasa in zaka tura mutane daga http zuwa https wannan ya wadatar:

`return 301 https://$host$request_uri;`

Sai kuma turawa ta cikin manhajar kanta. Mutum bai shiga akawun ɗinsa ba, ka kai shi shafin shiga, ya gama ka dawo da shi inda yake. In ka ajiye faramitarsa a ƙamus ka sake ginawa toh ka san sauran. Ka ajiye adireshin ɗungurungum a matsayin rubutu guda. In kuma zaka cusa shi cikin wata faramita kamar `koma=`, ka bi da shi ta `encodeURIComponent` sau ɗaya tak, in ba haka ba `&` ɗin cikinsa zasu fashe su gauraya da na waje, in kuma kayi sau biyu `%20` ya koma `%2520`.

Masu amfani da Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin kwastoma da sabarka, su leƙa saitin kesh, akwai wani zaɓi mai suna Query String Sort da aikinsa kenan jerawa. Varnish ma yana da `std.querysort`. Abubuwa ne masu amfani a inda ya dace, amma ka san ko a kunne suke.

Ajiya a rumbun bayanai

Wannan gajere ne. In zaka ajiye wutsiya don gaba, sa ta a gurbin rubutu yadda take. Kada ka mayar da ita objek ka zuba a `jsonb` na PostgreSQL, domin `jsonb` ba ya riƙe tsarin sunaye kuma ba ya ajiye maimaici. In lallai JSON kake so ka yi jeri cikin jeri, `[["tsara","farashi"],["tsara","suna"]]`, wannan ba mai taɓa shi.

Mataki na shida: in kai ne mai ƙera link, tsayar da jeri ɗaya

Yanzu mun juyo ɗaya ɓangaren. A shafin Alhaji akwai wajen tace kaya, nau'in yadi, launi, farashi, shafi na nawa. Da farko duk abin da kwastoma ya fara taɓawa shi ke zuwa gaba a adireshi, sai ya zama shafi ɗaya yana da adireshi kala-kala. Nginx kuma makullin kesh ɗinsa na asali da `$request_uri` yake haɗa shi, wato kowane jeri ajiya daban, kowanne sai an sake tambayar rumbun bayanai. Ga mai buɗewa da data a Rigasa ko Mando inda netwok ke wasa, wannan jinkirin ana jinsa.

Abin da nayi shi ne na rubuta jerin da nake so waje ɗaya, duk link ɗin da zai fita daga manhajar sai ya bi ta nan:

```js
const TSARI = ['naui', 'launi', 'farashi', 'tsara', 'shafi'];

function gina(p) {
  const sabo = new URLSearchParams();
  for (const suna of TSARI)
    for (const d of p.getAll(suna)) sabo.append(suna, d);
  return sabo.toString();
}
```

Kaga sunaye sun bi tsarina, maimaici kuma ya riƙe nasa jerin. Lura cewa duk sunan da ba ya cikin TSARI zubar da shi wannan yake yi, ni haka nake so a link ɗin cikin gida, amma in kana buƙatar irin su `utm_source` sai ka ƙara zagaye na biyu ka jona su a baya. In baka damu da wane ne gaba ba, `p.sort()` ma ya isa, yana jerawa bisa suna kuma ba ya juya tsarin masu suna ɗaya. Fom na HTML mai GET kuwa burauza tana aika filayensa ne bisa yadda suke jere a cikin shafin, don haka in ka matsar da fili sama ko ƙasa a HTML jerin wutsiya ma ya canja.

Shawarata kuma in kai ne kake tsara API tun daga tushe, kada ka jingina ma'ana a kan jerin sunaye daban-daban, ba ka da iko da duk hannun da adireshin zai bi. In jeri yana da ma'ana ka sa shi cikin daraja ɗaya, `tsara=farashi,suna`, ka fasa a kan waƙafi. In kuma kai ne mai sa hatimi wa wasu, ka zaɓi jerawa bisa haruffa ka rubuta dokar ɓaro-ɓaro har da yadda ake rubuta tazara, ka sauƙaƙa wa wanda zai zauna cikin duhu yana karanta log.

Gwaji

Kuskurena na asali a gwaji yake, na gwada da faramita masu ladabi waɗanda dama a jere suke. Yanzu ina da wata muguwar wutsiya da nake jefa wa kowace manhaja:

```
curl 'http://localhost:8000/gwaji?z=1&a=2&z=3&10=x&2=y&fanko=&waya=%2B234&suna=%C6%99ofar+gida&u.n=1'
```

Ka sa adireshin cikin alamar zance kamar yadda nayi, in ba haka ba tamina (terminal), inda kake buga umarnin, zata ɗauki `&` a matsayin umarni ta yanke maka shi tun a `z=1`. Ka sa hanyar `/gwaji` ta dawo maka da ɗanyar da kuma wadda kod ɗinka ya sake ginawa. Abin da zaka duba: z na nan gaba da a, z na biyu na nan a gurbi na uku, 10 bai koma bayan 2 ba, fanko bai ɓace ba, `u.n` bai zama `u_n` ba, ƙofar gida ta fito da ƙ ɗinta. Sai lambar waya, wannan tana kama mutane sosai a ƙasar nan, in aka aiko `+234` tsirara ba a mayar da alamar `%2B` ba, mai fassara zai ɗauke ta a matsayin tazara, sai ka tarar da lambobin kwastomomi a rumbu sun fara da fili maimakon alamar tarawa.

In ya wuce wannan a kwamfutarka, ka sake jefa masa ita a ainihin sabar da shafin yake zaune, ta cikin Cloudflare ɗin da `.htaccess` ɗin da komai, tunda localhost ba ya bi ta waɗannan ƙofofin. Sannan ka mayar da ita gwaji na dindindin a cikin kod ɗin yadda duk ranar da ka ɗaga firemwok zuwa sabon zubi zai yi maka ƙara in wani abu ya motsa.

Odar da suka maƙale a daren nan kuwa, log ɗin saba ne ya cece ni, domin yana rubuta layin buƙata yadda ya shigo. Na ciro duk masu `channel=ussd`, na sake lissafa hatiminsu da ɗanyar wutsiya, duk suka dace, na tabbatar da kowace ref a wajen kamfanin sannan na mayar da su an biya. Da safe na tura wa Alhaji jerin sunayen ta WhatsApp, yaran shago suka fara ɗaure kaya ana kaiwa tashar Kawo.